Waiwaye: yadda aka raba binciken ƙullutun mama da yanka

Duk Oktoba, watan wayar da kai kan sankarar mama, sai muhawarar ta taso a gidajen rediyo: me ya sa matan karkara ba sa kai ƙullutun mama asibiti sai ya fashe? Wasu su ce jahilci, wasu su ce talauci. A ƙauyukan Ringim ko Bichi kuwa, amsar da ake ji daga bakin mata ita ce, "daji ba ya son ƙarfe, da kin je yankewa za su yi."

Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Daga shekarun 1890 zuwa shekarun 1970, maganin sankarar mama da aka saba yi a Amurka shi ne a cire maman gaba ɗaya har da tsokar ƙirji. An gwada ɗibar samfuri da allura a 1930, amma ba ta karɓu sosai ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, har cikin shekarun 1970 bincike da yanka a zama ɗaya ake yin su. A sa mace barci, a gutsuri ƙullutun a duba nan take, in daji ne a cire maman kafin ta farfaɗo. Sai ta farka ta shafa ƙirji sannan ta san hukuncinta. Wata 'yar jarida, Rose Kushner, wadda ciwon ya kama, ta ce ba ta yarda ba, ta dinga fafutika. A 1979 taron masana lafiya na Amurka ya amince a raba su: a bincika tukuna, a gaya wa mace, ta yi shawara. Daga nan allura ta samu daraja. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 an ƙera wadda ke zuƙo nama ana kallonta a hoto. Da ita ake iya cire ƙaramin ƙullutun da ba daji ba ta 'yar kafa, da allurar kashe zafi kawai, mace ta kwana a gidanta.

Wannan rabewar ce ba ta iso ƙauye ba. Allurar sai da na'urar hoto da likitan duba nama, su kuma suna birni. Ga kuɗin mota zuwa Kano ko Dutse, ga jiran sakamako, ga izinin maigida, sannan a sake komawa. Alhali yawancin ƙullutun da ke fito wa 'yan mata ba daji ba ne, amma ba kasafai ake zaunar da su a gaya musu ba, sai mai shafe-shafe ya riga likita.