Gajiyar ƙarfe a shaf ɗin inji

Shaf sandar ƙarfe ce mai juyawa da ke kai ƙarfin inji ga giya, taya ko dutsen niƙa. Yakan karye a ƙarƙashin nauyin da ya daɗe yana ɗauka lafiya lau, domin a kowane zagaye gefen da ya miƙe sai ya matse, wanda ya matse kuma ya miƙe. Wannan maimaici shi ke haifar da ƙaramar tsaga, ta yi ta ci a hankali. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe.

Tarihi

Wilhelm Albert ya wallafa gwajinsa kan sarƙoƙin haƙar ma'adinai a Jamus wajajen 1837. Jirgin ƙasa ne dai ya tayar da hankali: a watan Mayun 1842 sandar ƙafafun wani jirgi ta karye kusa da Versailles a Faransa, jirgin ya kama da wuta. An yi saɓani kan yawan mamatan, daga sama da 50 zuwa kusan 200. A 1843 William Rankine, injiniya ɗan Scotland, ya nuna cewa tsagar na farawa ne inda kaurin sanda ya sauya farat ɗaya. Sai August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, wanda ya shafe shekaru har zuwa 1870 yana juya sanduna a na'ura yana ƙirga zagayensu kafin su karye. Ya gano cewa akwai iyakar nauyi wadda, in ba a wuce ta ba, baƙin ƙarfe zai yi ta juyi bai karye ba. Alminiyom ba shi da wannan iyaka a fili.

Tsarawa

A ƙarfen da aka goge sumul, iyakar takan kai kusan rabin ƙarfin da zai tsinka shi. Tsatsa, kaushin fuska da girman shaf duk suna rage ta. Kafaɗar shaf, wato inda kaurinsa ke sauyawa, a lanƙwashe ake sassaƙa ta, kusurwa mai kaifi kuwa gayyatar tsaga ce. Tsagin ɗaure giya ma wurin rauni ne. Inda murɗa da lanƙwasa suka haɗu, ana auna nauyin da shaf zai jure da lissafin Goodman na 1899 ko na Soderberg, wanda ya fi taka-tsantsan.

A Kumasi

A Suame Magazine, matattarar makanikai a birnin Kumasi na Ghana da aka ce ta faro a shekarun 1930, ana sassaƙa shaf ɗin injin niƙa, sau da yawa daga tsohon ƙarfen mota. Mai gyara kan duba bakin karayar: sashe mai santsi da layuka a jere shi ne inda tsaga ta daɗe tana ci, mai kaushi kuma inda ya ɓalle lokaci guda. Shaf ɗin da aka haɗa da walda yakan sake karyewa a gefen waldar.