Uvariopsis dicaprio

Uvariopsis dicaprio wata 'yar ƙaramar itaciya ce da ba a taɓa ganin ta a ko'ina ba sai a dajin Ebo da ke yankin Litoral na ƙasar Kamaru. Tana cikin dangin tsirrai da masana ke kira Annonaceae, wato dangi ɗaya da gwandar daji. Masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, Martin Cheek da George Gosline, su ne suka bayyana ta a matsayin sabon nau'i a watan Janairun 2022, a mujallar kimiyya ta PeerJ.

Tsawonta bai wuce mita 4 ba, saboda haka a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa take rayuwa, kuma ganyenta ba ya kakkaɓewa duk shekara. Abin da ya fi ɗaukar ido a jikinta shi ne fure. Maimakon ya fito a ƙarshen rassa kamar yadda aka saba, sai ya ɓullo kai tsaye daga jikin gangar itaciyar, tuli-tuli, yana reto, launinsa tsakanin ruwan ɗorawa da kore, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Mai wucewa a lokacin da ba ta fure zai iya gifta ta bai san ya ga wani abu ba.

Sunan ya samo asali ne daga rigimar dajin kansa. A 2020 gwamnatin Kamaru ta amince a sare katako a fiye da hekta 68,000 na Ebo. Al'ummar Banen, waɗanda dajin ƙasar kakanninsu ce, suka tashi tsaye tare da masu kare muhalli, ɗan wasan fim na Amurka Leonardo DiCaprio kuma ya yayata koken a shafukan sada zumunta. A watan Agustan shekarar Shugaba Paul Biya ya dakatar da shirin. Don yaba wannan gudummawa aka raɗa wa itaciyar sunansa, ko da yake Banen ne suka ɗauki nauyin gwagwarmayar a ƙasa.

Masanan sun sanya ta a sahun tsirran da ke dab da ɓacewa, domin a wuri guda kawai aka same ta, kuma adadin da aka gani bai kai 50 ba. Ga tsiro irin wannan, hanyar mota ɗaya da za a fasa don jigilar gungume ta isa ta share shi. Ban da saran katako, akwai barazanar gonakin kwakwar manja da haƙar ma'adinai.

Ebo gida ne kuma ga gwaggon biri, da wasu birai da ke fasa ƙwaya da dutse, suna kuma zaƙulo gara da tsinke. Dakatarwar 2020 ba ta ɗore ba: a 2023 gwamnati ta sake ware sassan dajin don saran katako.