Ba oksijin zalla ne a tulun mai nutso ba

Idan aka ga mai nutso a tekun Zanzibar ko Bali da tulun ƙarfe goye a bayansa, sai ka ji an ce ai oksijin ya ɗauko. An daɗe ana faɗin haka, amma kuskure ne. Iskar da ke ciki ita ce dai wadda kake shaƙa yanzu, an tace ta, an matse ta da inji: kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan kashi 78 naitirojin.

Da oksijin zalla ne, da an yi asarar rayuka. Da zarar an wuce zurfin mita 6, matsin ruwa na mayar da shi guba. Yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abin numfashi ya kuɓuce daga baki, ruwa ya ci mutum. Wannan ya sa batun yake damuna.

Naitirojin ma da nasa sharaɗin. Yana narkewa cikin jini a can ƙasa, in aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Shi ya sa mai nutso yake tsayawa cak a mita 5, idonsa kan agogon hannunsa, har minti 3 su cika.