Kariyar majiyyata da ingancin jinya a asibitocin karkara

Kariyar majiyyata fanni ne na aikin lafiya da ke ƙoƙarin hana cutarwar da ke samun marar lafiya ta dalilin jinyar da ake yi masa, wato illar da bai zo asibiti da ita ba. Daga cikin irin wannan illa akwai ba mutum maganin da ba nasa ba ko wanda ya zarce kima, da yi masa allura da sirinjin da aka yi wa wani amfani da shi, da ruɓewar wurin tiyata, da ƙara masa jinin da bai dace da nasa ba, da barin sa yana jira har lokacin ceto ya wuce. Ingancin jinya ya fi wannan faɗi, domin ya haɗa da a gano cutar daidai, a ba da maganin da bincike ya tabbatar yana aiki, a yi shi a kan kari, kuma a mutunta majiyyaci da danginsa.

A Najeriya, idan aka ce asibitin karkara ana nufin asibitin sha-ka-tafi da cibiyar lafiya a matakin farko, waɗanda ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya na jihohi, da kuma babban asibitin ƙaramar hukuma, inda ake yin tiyata da ƙarin jini. A Jamhuriyar Nijar, inda mutane ke kiran asibitin kansa "likita", tsarin ya tashi daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa cibiyar lafiya, sannan asibitin gunduma. A ƙasashen biyu, jama'a masu ɗimbin yawa mazauna irin waɗannan yankuna ne, ƙwararrun likitoci kuwa sun tattaru a manyan birane.

Asalin fannin

Ana yawan danganta mafarin wannan tunani da likita Ignaz Semmelweis, wanda a shekarar 1847 ya lura cewa mata masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a wani asibitin birnin Viyana na ƙasar Austriya saboda likitoci na fitowa daga ɗakin binciken gawa su taɓa su ba tare da sun tsaftace hannu ba. Da ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni. Fannin bai tsaya da ƙafarsa ba sai bayan 1999, lokacin da wani rahoto a Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kurakuran jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙawance kan batun a 2004, kuma a 2019 aka ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara domin tunawa da kariyar majiyyata.

Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan majiyyaci ɗaya cikin goma na gamuwa da wata illa a lokacin jinya. Wani kwamitin masana da ya wallafa bincikensa a 2018 ya gano abin da ya sauya yadda ake kallon lamarin a ƙasashe masu tasowa: mutanen da ke mutuwa bayan sun isa asibiti amma aka yi musu jinya marar inganci, kimanin miliyan 5 a shekara, sun fi waɗanda ke mutuwa don ba su je asibitin ba, kimanin miliyan 3.6. Ke nan kiran da ake yi wa jama'a cewa su daina zama a gida su tafi asibiti yana ɗauke da alhaki a kan masu yin kiran, domin sai an tabbatar da abin da mutum zai tarar idan ya je.

Inda haɗarin ke fitowa

Matsalolin asibitin karkara ba ɓoyayyu ba ne, kuma na farkonsu ruwa ne da wuta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu a wurin duba majiyyaci da kuma makewayi. Inda babu wuta, firjin ajiyar jini da magani ba ya aiki, tukunyar dafa kayan tiyata ba ta aiki, ungozoma kuma tana karɓar haihuwa da tocila ko hasken waya. Wannan yanayi ne wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta gani a wani asibitin gwamnati a Zariya a 2008, abin da ya sa ita da mijinta suka ƙera ƙaramar akwatin sola mai haska ɗakin haihuwa, wadda daga baya ta bazu a ƙasashe da dama.

Na biyu shi ne ƙarancin ma'aikata. Babban asibitin ƙaramar hukuma kan dogara da likita ɗaya ko biyu, cibiyoyin matakin farko kuwa malaman asibiti ne ke riƙe da su, wani lokaci mutum ɗaya ne mai duba marasa lafiya, mai ba da magani, mai rubuta kati, kuma shi ake tasa da tsakar dare. Gajiya tana haifar da kuskure ko da ma'aikaci ƙwararre ne. Najeriya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, sannan a 2014 ta amince da manufar horar da ƙananan ma'aikata su riƙa yin wasu ayyukan da a da sai likita ko nas, Nijar kuma ta daɗe tana koya wa likitocin gama-gari tiyatar gaggawa domin asibitocin gunduma.

Magani ma yana da nasa haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma idan kantin asibiti ya ƙare, dangin majiyyaci kan tafi kemis ko kasuwa su sayo abin da suka samu. Ko maganin ƙwarai yana lalacewa a zafin bazara: allurar oksitosin, wadda ke tsayar da jini bayan haihuwa, tana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8, in ta daɗe ba a cikin firji ba sai ƙarfinta ya ragu ba tare da kamanninta sun canza ba.

Cutar da ake ɗauka a asibiti

Tarihin zazzaɓin Lasa ya isa misali. An fara gano cutar a 1969 a garin Lasa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma waɗanda suka fara kamuwa ma'aikatan jinya ne na mishan, biyu daga cikinsu suka rasu, ɗaya bayan ta yi jinyar ɗayar a Jos. A 1989 cutar ta ɓarke a wasu ƙananan asibitoci biyu a jihar Imo, inda bincike ya danganta yaɗuwarta da sake amfani da allura da sirinji da kuma yin tiyata ba tare da kariya ba, har likitoci da ma'aikatan jinya suka mutu tare da majiyyata. Matakan da ke daƙile irin wannan ba su da tsada sosai: sirinjin da ba ya sake aiki bayan amfani ɗaya, akwatin zubar da allurai, safar hannu, ware mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da tsaftace hannu kafin taɓa majiyyaci da bayansa. Domin wuraren da ruwa ke wuya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin haɗa sinadarin goge hannu wanda ɗakin magani na asibiti zai iya haɗawa da kansa, an kuma gwada shi a Bamako ta ƙasar Mali.

Ɗakin haihuwa

Babu sashen da ke bayyana ingancin asibitin karkara kamar ɗakin haihuwa, domin a nan ne mace mai lafiya ke iya rasuwa cikin sa'o'i biyu idan jini ya ɓalle. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne. Masana sun kasa jinkirin da ke kashe su gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na ukun shi ne ke wuyan asibiti kai tsaye, kuma a kansa aka samu wasu sakamako masu ƙarfi a ƙasar Hausa.

A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet a manyan asibitoci goma na jihar Kano domin maganin jijjigar masu ciki, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka manna ƙa'idar ba da ita a ɗakunan haihuwa. Mutuwar matan da suka zo da wannan ciwo ta sauka daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Maganin daɗaɗɗe ne kuma mai araha. Abin da ya rage kawai shi ne ya kasance a kusa, kuma mai aikin dare ta san adadin da za ta ba da ba tare da fargaba ba.

Na biyu ya shafi zubar jini bayan haihuwa. An daɗe ana kimanta jinin da ido, ido kuwa yana raina shi, sai mace ta galabaita kafin a farga. A wani gwaji da aka wallafa a 2023, wanda ya ƙunshi asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da mata fiye da 200,000, a rabin asibitocin an shimfiɗa wa kowace mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni, ta yadda da zarar jinin ya kai rabin lita za a gani. Daga nan sai a yi dukkan matakai a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar oksitosin, allurar tiranekzamik mai rage zubar jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran babba idan bai tsaya ba. Mummunan sakamako, wato zubar lita guda ko fiye, ko tiyata, ko mutuwa, ya kasance kashi 1.6 cikin ɗari a waɗannan asibitoci, kashi 4.3 kuma a sauran. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. A Nijar ma, wani shiri na ƙasa baki ɗaya da ya dogara da ƙwayar misofurostol mai sa mahaifa ta tsuke, da balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa, da rigar matse jiki mai riƙe mace har a kai ta babban asibiti, ya rage mutuwa ta dalilin zubar jini da fiye da rabi.

Jinkirin hanya kuwa an rage shi a wasu jihohin Arewa ta hanyar yarjejeniya da ƙungiyar direbobin haya, inda direbobi 'yan sa-kai ke ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci. Amfanin wannan yana cika ne idan cibiyar da ta tura ta ta kira asibitin da za a je ta waya, ta kuma rubuta abin da aka riga aka ba ta.

Takardar tantancewa da iyakarta

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantance matakan tiyata mai tambayoyi 19, waɗanda ake karantawa da baki kafin a sa majiyyaci barci, kafin a yanka, da kafin a fita da shi: sunansa, wurin da za a yi aikin, ko an tanadi jini, ko an ƙirga audugar da aka shigar cikin jiki. An gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na karkara a Ifakara ta Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Sai dai wani babban gwaji na irin wannan takarda ta haihuwa a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ma'aikata sun ƙara bin matakan amma mutuwar uwa da jariri ba ta ragu ba. Darasin yana da muhimmanci ga masu tsara shirye-shirye, domin takarda na tunatar da ma'aikaci abin da zai yi, amma ba ta samar da jini ko motar ɗaukar marar lafiya ko likitan tiyata.

Haka lamarin iskar oksijin yake. Ɗan ƙaramin ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa yana nuna yaron da iska ta yi wa ƙaranci tun kafin ido ya gane, kuma a ƙasar Papuwa Niyu Gini haɗa shi da injin tace oksijin ya rage mutuwar yara masu ciwon huhu da kusan kashi 35 cikin ɗari, amma injin yana bukatar wuta marar yankewa da mai gyara.

Kuskure, ƙaddara da bita

Masana fannin sun yi ittifaƙi cewa galibin kurakurai daga tsarin aiki suke tasowa: kwalabe biyu masu kama da juna a wuri ɗaya, rubutun da ba ya karantuwa, canjin aiki ba tare da miƙa bayani ba. Idan hukunci ne kaɗai ke biyo bayan kuskure, ma'aikata za su ɓoye shi, kuma zai sake faruwa a hannun wani. Saboda haka Najeriya da Nijar suka rungumi tsarin bitar mutuwar masu haihuwa da jarirai, inda ake zama a bi sawun abin da ya faru sa'a bayan sa'a ba tare da an ɗora wa mutum laifi ba, a fitar da gyara guda ko biyu, a sa wanda zai aiwatar da ranar da za a duba. Sakaci na ganganci yana da hukuncinsa a wurin majalisun da ke ba likitoci da ma'aikatan jinya lasisi.

A ƙasar Hausa, idan aka yi rashi akan ce kwana ne ya ƙare, kuma wannan haƙuri yana sanyaya zuciyar iyali. Bai kamata asibiti ya fake da shi ya ƙi bincika aikinsa ba, tun da addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. 'Yan jinya, waɗanda ke kwana a gefen gado suna ciyarwa da wankewa, su ne kan fara ganin numfashi ya canza ko zane ya jiƙe da jini, don haka asibitin da ke koya musu alamomin haɗari, ya kuma saurare su idan sun kira, ya ƙara wa kansa masu sa ido ba tare da ya biya albashi ba.

Doka da kuɗi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar majiyyacin gaggawa bisa kowane dalili, ta wajabta wa cibiyoyin lafiya mallakar takardar shaidar cika ƙa'ida, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ana tura wani kaso kai tsaye zuwa asusun cibiyoyin domin gyare-gyare da sayen kayan aiki. A 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata, wanda ya haɗa da haƙƙin samun bayani a harshen da mutum ke ji da haƙƙin kai ƙara. Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, da na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, ko da yake jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe ya sha jawo ƙarewar magani. A matakin mazaɓa a Najeriya, kwamitin ci gaba da ya ƙunshi masu unguwanni da malamai da wakilan mata yana da hannu wajen sa ido kan yadda cibiya ke kashe kuɗin asusun.