Yadda ake naɗa alƙalan tarayya a Amurka, da abin da ya haɗa naɗin da haƙƙoƙin jama'a

Kundin tsarin mulkin Amurka bai tsawaita magana a kan naɗin alƙalai ba. Sashe na biyu ya ce shugaban ƙasa ne ke gabatar da suna, majalisar dattawa kuma ta ba da shawara ta amince. Sashe na uku ya ƙara da cewa alƙalin zai ci gaba da riƙe muƙaminsa muddin yana kan kyakkyawan hali, kuma ba za a rage masa albashi ba. A aikace wannan na nufin har mutuwa, ko kuma ranar da ya ga dama ya ajiye, domin cire shi sai majalisar wakilai ta tuhume shi, sannan kashi biyu bisa uku na sanatoci su same shi da laifi, abin da bai taɓa faruwa da wani alƙalin Kotun Ƙoli ba. Kundin bai gindaya sharaɗin shekaru ko na takardar karatu ba. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke tantance suna kafin ya isa ga shugaban ƙasa, alƙalin Kotun Ƙoli kuma ya yi ritaya a shekara 70, zai ga cewa a Amurka lamarin kacokan yana hannun 'yan siyasa ne.

Idan aka sami gurbi a kujerar alƙali, Fadar White House kan zaɓi mutum, hukumar FBI ta binciki tarihinsa, sannan ya bayyana gaban kwamitin shari'a na majalisar dattawa ya amsa tambayoyi, kafin a kai sunansa zauren majalisa. Haka ake yi wa alƙalan kotunan gundumomi 94, da na kotunan ɗaukaka ƙara 13, da alƙalai tara na Kotun Ƙoli. Akwai kuma wata al'ada ta shuɗiyar takarda, wadda kwamitin ke aika wa sanatoci biyu na jihar da za a naɗa wa alƙali. Idan ɗaya daga cikinsu ya riƙe takardar bai mayar ba, sunan alƙalin gunduma kan maƙale a nan. Babu dokar da ta tanadi wannan, al'adar majalisa ce kawai, amma ta hana mutane da yawa hawa kujera.

Babban sauyin ya zo ne ta ƙa'idojin cikin gida na majalisar. A da, sai an sami sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, wanda ke tilasta wa shugaban ƙasa ya nemo mutumin da wasu 'yan adawa za su iya haƙuri da shi. A shekarar 2013 'yan Democrat ƙarƙashin jagoransu a majalisar, Harry Reid, suka soke wannan sharaɗi ga ƙananan kotuna, saboda 'yan Republican na toshe sunayen da Barack Obama ke aikawa. A 2017 Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a majalisar, ya ƙarasa aikin ya soke shi ga Kotun Ƙoli, domin Neil Gorsuch, wanda Donald Trump ya gabatar, ya wuce. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma jam'iyyun biyu duk sun ɗebo.

Kafin nan, da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya mutu a Fabrairun 2016, Obama ya gabatar da Merrick Garland, amma McConnell ya ƙi ko da sauraronsa, da hujjar cewa shekarar zaɓe ce, a bar wa jama'a su yanke. Da wata alƙaliyar kotun, Ruth Bader Ginsburg, ta mutu a Satumban 2020, wannan hujja ta ɓace, aka tabbatar da Amy Coney Barrett da ƙuri'a 52 da 48 saura kwana takwas a yi zaɓe. Tare da Brett Kavanaugh da aka tabbatar a 2018, Donald Trump ya naɗa uku cikin tara a wa'adi guda.

A nan ne batun zubar da ciki ya shigo. Kundin bai ambace shi ba. A shari'ar Roe da Wade ta 1973, Kotun Ƙoli ta fassara 'yancin da gyara na 14 na kundin yake karewa da cewa ya haɗa da damar mace ta zubar da ciki, shari'ar Casey ta 1992 kuma ta tsayar da iyakar a lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa, wato kusan mako 24. Haƙƙin da fassarar alƙalai ta kafa, fassarar wasu alƙalan na iya rushe shi. Ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs da ta taso daga dokar jihar Mississippi mai hana zubarwa bayan mako 15, alƙalai biyar suka soke Roe, uku daga cikinsu naɗin Trump ne. Hukuncin bai haramta zubar da ciki a faɗin ƙasar ba, ya dai mayar da lamarin ga zaɓaɓɓun wakilai. Texas ta hana kusan gaba ɗaya, yayin da masu zaɓe a Kansas suka ƙi amincewa a cire kariyar daga kundin jiharsu a 2022, na Ohio kuma suka rubuta ta a nasu a 2023.

Haƙƙoƙin baƙar fata ma ta wannan ƙofa suke shiga da fita. Kotun da ta haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954 ita ce a 2013 ta rushe ma'aunin da ke tilasta wa wasu jihohi, galibinsu na kudu, neman izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓe, ita ce kuma a 2023 ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai.

Wannan ne ya sa ake ta maganar su wane ne ke zaune a kotun. Amurka ba ta da wani tanadi irin na rabon muƙamai tsakanin shiyyoyi da kundin Najeriya ya yi, don haka komai ya dogara da zaɓin shugaban ƙasa. Thurgood Marshall ne baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967, Sandra Day O'Connor mace ta farko a 1981, Ketanji Brown Jackson baƙar mace ta farko a 2022. Sai a 2021 aka sami Musulmi na farko a kujerar alƙalin gunduma, Zahid Quraishi na New Jersey. Joe Biden ya naɗa alƙalai 235, mafi yawansu mata, ya kuma ɗauko lauyoyin da suka yi aikin kare talakawan da ba su da kuɗin lauya, maimakon masu gabatar da ƙara da aka fi sabawa da su. Sai dai a ganina masu ɗaukar launi ko jinsi a matsayin tabbacin hukunci suna yaudarar kansu ne. Clarence Thomas, baƙar fatan da ya gaji Marshall a 1991, yana cikin waɗanda suka soke Roe, haka ma Barrett.

Adadin alƙalai tara na Kotun Ƙoli ba a kundi yake ba, doka ce ta 1869, kuma majalisa na iya sauya shi. Franklin Roosevelt ya gwada ƙara kujeru a 1937, sanatocin jam'iyyarsa suka juya masa baya. A 2024 Biden ya ba da shawarar wa'adin shekara 18 ga kowane alƙalin Kotun Ƙoli, ta yadda kowane shugaba zai naɗa biyu a wa'adinsa, amma majalisa ba ta zartar ba, masana da dama kuma na ganin hakan ba zai yiwu ba sai an gyara kundin, wanda ke buƙatar amincewar jihohi 38 cikin 50.