Saiti nawa ya kamata ka bar wa mai amfani da manhajarka?

Wani ɗalibi da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe ya kawo mini aikin da yake yi wa masu shagunan magani a Jekadafari da Pantami. Ƙaramar manhaja ce a kan Linux, wato wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tana ajiye kwafin bayanan ciniki kullum, tana kuma tura rasit zuwa firinta. Ga abin da ya tambaye ni da amsoshin da na ba shi.

Malam, ai ba ni na rubuta abin da ke buga takarda ba. Mene ne nawa aikin a nan?

Cikin kwamfuta akwai ma'aikatan da ba a gani, wato manhajojin da ke aiki a ɓoye, kowanne da aikinsa. Cron shi ke tayar da aiki idan lokacinsa ya yi. CUPS, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999 kuma Apple ta saya a 2007, shi ke kula da firinta. Systemd, da ya fito a 2010, shi ke kunna su yana lura da su. Kowannensu na da saiti rututu. Kai riga ka ɗinka musu, kuma kai za ka zaɓi inda za ka sa maɓalli.

To me zai hana in fito da saitin duka, kowa ya zaɓi son ransa?

Yi lissafi. Maɓalli 10 kacal na kunnawa da kashewa suna iya haɗuwa ta hanyoyi 1,024. In sun kai 20, sun haura miliyan ɗaya. Nawa za ka gwada kafin ka kai wa Alhaji mai shago? Ranar da aka kira ka daga Kumo aka ce rasit ya daina fita, sai ka fara binciken abin da yaron shago ya taɓa.

Abin da ya fi damu na shi ne, kowane saiti alƙawari ne. Da zarar mutum ɗaya ya dogara da shi, cire shi ya zama rigima. Ƙara saiti gobe abu ne mai sauƙi, janye shi ne wahala. Don haka fara da kaɗan.

Ta yaya zan gane wanda zan nuna da wanda zan ɓoye?

Dubi mai shayi. Yana tambayarka sukari cokali nawa, madarar gari ko ta ruwa, amma bai taɓa tambayarka yawan gawayin da zai zuba ba. Abin da mai shago ya fi ka sani, tambaye shi: ƙarfe nawa yake rufewa, wace firinta ce ta rasit, a wane faifai za a ajiye kwafi. Abin da ka fi shi sani, yanke hukunci da kanka.

Ga misali daga aikinka. Cron na karɓar lokaci a gurbi biyar: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Ƙarfe tara na dare kullum ana rubuta shi 0 21 * * *. Kada Hajiya mai kemis ta taɓa ganin waɗannan taurari, agogo kawai za ka nuna mata. Sai dai akwai tarko. Idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu kafin tara, cron ba ya rama aikin da ya wuce, kwafin ranar ya tafi ke nan. Agogon systemd kuwa yana da Persistent=true, wanda ke sa a rama aikin da zarar an sake kunna na'ura. A garin da janareta da sola ke karɓa-karɓa, wannan ba abin tambaya ba ne. Kunna shi a ɓoye, ka bar shi.

Saitin farko da manhaja ke zuwa da shi fa, yana da wani muhimmanci?

Ƙwarai, domin yawancin mutane ba sa taɓa shi har abada. A farkon 2017 ɓarayin intanet sun kwashe bayanai daga dubban rumbunan MongoDB, wata manhajar ajiye bayanai, da aka bari a buɗe ba kalmar sirri, suna neman kuɗin fansa. Daga fitowar sigarsa ta 3.6 aka mayar da MongoDB yana karɓar buƙata daga kwamfutar da yake ciki kaɗai, sai in kai ka buɗe shi da hannunka. Bayanan marasa lafiya da basussukan kwastomomi amana ce, ka kawo manhajarka a kulle.

Idan ƙwararre ya zo yana son abin da ban nuna ba?

Bar masa ƙofa ɗaya ta baya. Systemd kansa haka ya yi: umarnin systemctl edit yana buɗe ɗan fayil na daban da ke hawa kan saitin asali ba tare da goge shi ba, kuma sabunta manhaja ba ya share shi. Yi irinsa, ka rubuta a sarari cewa wanda ya shiga nan ya ɗauki nauyin abin da ya canza. Sannan ka riƙa lura. In ka ga shaguna uku ko huɗu sun bi ta wannan ƙofa don canza abu guda, kamar faɗin takardar rasit, to lokaci ya yi da za ka ɗauko shi ka sa a allon gaba.