Saɓewar kumburi ba ita ce warkewar ƙoda ba

Iyayen yara na Sakkwato da kewaye, don Allah a ba ni aron kunne. Yaran da ake kawo mana asibiti da kumburin fuska kusan labarinsu ɗaya ne. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 12 ya yi ƙazwa, ya sosa har ta zama gyambo, ko ya yi ciwon maƙogwaro da hunturu. Bayan mako 1 zuwa 2 in maƙogwaro ne, ko mako 3 zuwa 6 in fata ce, sai a wayi gari idanu sun kumbura, fitsari ya ragu ya koma kamar baƙin shayi, jini ya hau. Wani har jijjiga yake yi.

A cikin jini akwai wani sinadarin garkuwar jiki, sunansa C3. Faɗan da jiki ya tayar wa ƙwayar cutar da ta kama gyambon ko maƙogwaron ne ke komawa kan matatar ƙoda, a nan C3 ke ƙarewa, shi ya sa idan aka auna sai a tarar ya yi ƙasa. A wannan ciwo yakan koma daidai cikin mako 6 zuwa 8. Idan ya haura wata 3 yana ƙasa, to akwai wata a ƙasa, ciwon ƙodar wani iri ne daban, wataƙila sai an ɗebo ɗan tsokar ƙoda da allura an duba. Idan kuma C3 da ɗan'uwansa C4 suka faɗi tare, musamman ga budurwa mai ciwon gaɓoɓi, likita zai nemi cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum.

To ta yaya za a gane haka alhali ba ku dawowa? Da fuska ta saɓe, yaro ya soma guje-guje, shi ke nan an cusa katin asibiti ƙarƙashin katifa. Haba jama'a! Maganin sa fitsari ne ya janye ruwan, sau da yawa cikin mako guda, ƙodar kuwa tana nan tana fama. Awon C3 na farko sanar da ciwo ya yi, na biyu ne ke faɗin ko ya tafi. Na san kuɗin mota da na awo ba wasa ba ne, Allah ya hore. Amma ku tambayi mai kai ɗan'uwansa wankin ƙoda nawa yake kashewa a mako.

Kafin ranar komawa: a rage gishiri da dunƙule, ban da kanwa. Ban da jiƙo, ban da ibuprofen da diclofenac na kemis, ƙara wa ƙoda wahala suke yi. A riƙa auna hawan jini. Masu ƙazwa a gida ko a tsangaya a yi musu magani gaba ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Ciwon kai mai tsanani, haki, jijjiga ko ɗaukewar fitsari, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ranar da aka rubuta a kati kuwa, baba, ko yaro na buga ƙwallo a ƙofar gida, a kamo hannunsa a kawo shi.